Cokali Biyu na Jini

Kwana tara wasiƙar ta yi a kan firij,
kwalbar man zaitun ta danne ta.
Asibiti a nan Manchester ke cigiyar baƙar fata
masu hawan jini, su zo a gwada sabon magani.

Tasalla ta ce, "Yage ta.
Ɓerayen ɗakin gwajinsu ne suka ƙare?"
Ban tanka ba.
Na san inda maganar ta taso:
ƙanenta Sabi'u, shekarar sanƙarau a Kano,
ya shiga tanti yana jin kiran salla,
ya fito, har yau sai da hannu ake kiransa.
Ba wanda ya karanta wa uwarsu takarda,
ba wanda ya tsaya yi mata bayani.

Wanda maciji ya sara,
ko baƙin tsumma ya gani, sai ya ja da baya.
Ban ga laifinta ba, ko kaɗan.

Sai dai ni ne mai shekara sha ɗaya a kujerar bas,
daga Piccadilly zuwa Hulme, in juyo, in koma,
jijiyar wuyana tana kiɗan da ba mai rawa.
Ƙwayar farko tari ta sa ni,
har fasinja suka riƙa komawa kujerun baya.
Ta biyu ta kumbura min ƙafa,
takalmin aiki ya ƙi ni.
Likita ya ce, "Tana yi wa yawancin mutane."
Na dawo ina juya kalmar kamar tsakuwa a shinkafa:
su wa ke cikin yawancin nan?
Riga ce aka ɗinka mai kyau, ba shakka,
amma ran da tela ya yi awo
bai ga kafaɗa irin tawa ba, ya auna ta wani.

Ranar Laraba na tafi,
na ɗauki Zuwaira, don Turancinta ya fi nawa haƙora.
Kujera ashirin da uku a ɗakin jira, na ƙirga.
Mu uku ne kawai:
ni, da wani dattijo ɗan Somaliya mai jan gemu,
da wata 'yar Gana da ta ƙi ajiye jakarta,
kamar mai shirin tashi kafin a kira suna.
Muka gaisa da ido, gaisuwar waɗanda suka sani.

Nas ɗin Marcia ce, iyayenta daga Jamaika.
Shafi sha huɗu ta miƙo.
Na ce ina jinin zai kwana?
Wa zai ga sunana?
In na ce na fasa, wa zai tare ƙofa?
In ya cutar da ni, wa zan kama?
Ba ta duba agogo ba.
Ta ce, "Kakata ma sai da ta tambaye ni haka,
kuma har yanzu ba ta yarda ba."
Wannan ce ta shige ni, fiye da duk shafukan.
Zuwaira ta karanta layi-layi, har ƙananan rubutun ƙasa,
shayi ya huce, ruwan sama ya tsaya, ya dawo,
sannan na karɓi alƙalami.
Abin da suka ɗiba bai wuce cokali biyu na jini.

Ban sani ba ko maganin aka ba ni
ko ƙwayar da ba komai a cikinta.
Sun faɗa min tun farko, su ma ba su sani ba.
Ni dai an auna kafaɗata.
Wataƙila rigar jikan wani ta zauna daidai.

Tasalla ba ta ce na kyauta ba.
Ta ɗauki kwafin takardar
ta sa a gwangwanin da muke ajiye fasfo.
Amma kullum da magariba, tana kicin, ina falo,
sai ta kira ni can ƙasa-ƙasa, kamar raɗa:
"Ɗanlami."
In ce, "Na'am."
Sai ta ci gaba da yanka albasa,
ba ta ce tana son komai ba.
Ji kawai take so ta yi
ko har yanzu muryarta na iso ni.